Daƙiƙa Arba'in Tsakanin Dutsin-Ma da Birchi

Jidda da Mubarak, wannan shi ne babin da na fi daɗewa ina kewaye shi. Kun taso kuna jin labarin rabuwata da mahaifiyarku daga bakin dangina, kuma yadda suke ba da shi, ita ce ta yi yaji ta ƙi waiwayowa, sannan ranar da aka zauna gaban mahaifinta ta faɗi abin da bai faru ba. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba, amma ban taɓa ƙaryata shi ba, na bar ku kuka girma a kansa. Yanzu idona ya daina ganin ƙananan haruffa sai da gilashi, hannuna ma yana rawa in na daɗe da alƙalami, don haka gara in rubuta tun ina iyawa. Sai dai ba za ku gane abin da ya faru ba sai na yi muku bayanin aikina, aikin da kuke tsokanata da shi kuna cewa Baba hira yake yi da akwati.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Dutsin-Ma, wanda aka ba kwangilar haɗa ƙananan asibitocin karkara domin su riƙa aiko da bayanan marasa lafiya ta kwamfuta. A kowane asibiti mun kafa dogon ƙarfe da farantin aikawa da karɓar saƙo a samansa, a cikin ofis kuma mun ajiye wata na'ura da muke kira rauta, wadda aikinta shi ne zaɓar hanyar da saƙo zai bi. Akwai ɗaya a Kuki, ɗaya a Kurfi, ɗaya a Barkiya, ɗaya a Birchi, babbar tana ofishinmu. Kowace rauta tana riƙe da taswirar dukkan hanyoyin a cikin kanta, kuma duk bayan daƙiƙa goma tana aika wa maƙwabciyarta ɗan gajeren saƙo na gaisuwa, don ta san tana nan. In aka yi daƙiƙa arba'in gaisuwa ba ta iso ba, sai ta ɗauka hanyar ta yanke, ta rubuta a kundinta, ta sanar da sauran, kowa ya sake zana taswira. Ni kuwa aikina in zauna gaban baƙin allo wanda ba hoto ba ado, in rubuta tambaya, na'ura ta ba ni amsa. In tambaye ta su wane ne maƙwabtanta, ta jero su. In tambaye ta tun yaushe take tare da kowanne, ta faɗa. In buɗe kundinta in ga wa ya ɓace, ƙarfe nawa, yaushe ya dawo. Daga kujerata ina iya shiga kowace rauta a cikin biyar ɗin in yi mata tambaya kamar ina gabanta.

Abokan aikina sun ɗauki wannan aikin a matsayin gadi. Ni ban taɓa ganinsa haka ba, kuma laifin littattafai ne. Tun ina saurayi, duk ranar kasuwa sai na tsaya wajen mai tabarmar littattafan soyayya, in saya ko in yi haya, in karanta har in haddace wasiƙun da ke ciki. A cikin waɗannan littattafan masoya ba sa buƙatar dogon zance. Kallo ɗaya ya isa, ko hankici da aka yar a bakin rijiya, ko fitila da aka bari a taga. Na taso da imanin cewa soyayya ta gaskiya alama ce wadda mutum biyu kaɗai suka san ma'anarta. Saboda haka da na ga na'urori biyu, ɗaya a gari ɗaya a ƙauye, suna gaisawa ba dare ba rana ba wanda ya sani, sai abin ya shiga raina.

A Birchi na fara ganin mahaifiyarku, ranar da muka je kafa ƙarfe. Ita ce ungozomar asibitin, gidan mahaifinta, Baffa, yana bayan asibitin kaɗan, inda shanunsa suke kwana. Ta tsaya a ƙofar ofis da farin mayafi tana kallon yadda nake jan waya ta taga, ta tambaye ni ko akwatin nan zai riƙa cin wutar firjin allurarta. Na ce ba zai ci ba. Ta ce in ya ci, ita za ta cire shi, in ya so in zo daga birni in yi ƙara. Daga ranar nan rautar Birchi ta zama mai yawan laulayi a rahotona, kusan kowane mako sai na sami dalilin hawa babur in je duba ta.

A wancan lokacin wayar hannu ba ta kamawa a unguwarsu sai mutum ya hau tudun bayan makaranta, kuma budurwa mai kunya irin tata ba za ta tsaya kan tudu gari na kallo tana kiran saurayi ba. Ni na ƙirƙiro mana dabara. Na nuna mata shuɗiyar wayar da ta fito daga bayan rauta ta hau zuwa faranti, na ce mata in tana son ganina, da safe kafin a buɗe asibiti ta zare ta, ta ƙirga sittin a hankali, ta mayar. Sittin ta wuce arba'in, don haka rautar ofishinmu za ta rubuta cewa Birchi ta ɓace ta dawo, ni kuma in na zo ƙarfe takwas zan gani. Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi.

"Malam, kai komai sai ka mai da shi littafi. To in ɓera ne ya taɓa wayar fa?"

"Sai in zo in gaishe da ɓeran," na ce.

Ta zare wayar nan sau huɗu kafin aurenmu, kuma duk sau huɗun kafin la'asar ina ƙofar gidan Baffa. Ba zan iya kwatanta muku abin da nake ji ba in na buɗe kundi na ga layukan nan biyu, ɗaya na ɓacewa ɗaya na dawowa. Duk wasiƙun da na haddace ba wadda ta kai su daɗi a wurina.

Bayan aure dabarar ta kwanta, don ba a buƙatarta. Tana kwana huɗu a Birchi wajen aiki, ranar Alhamis da yamma ta taho Dutsin-Ma da ku, Lahadi ta koma. Haka muka yi shekara biyar. A daminar shekara ta biyar aka yi ruwa mai yawa, kuma ruwa da iska suna raunana saƙon da ke tafiya tsakanin faranti da faranti. Gaisuwa ta riƙa ɓacewa a hanya, rautoci suna ta ɗauka maƙwabta sun yanke alhali suna nan, kowace na sake zana taswira sau da yawa a yini, ma'aikatan asibiti na kuka cewa bayanansu na tsayawa. Ogana ya ce in nemo magani. Na zauna wata ranar Talata na shiga rautocin ɗaya bayan ɗaya, na ƙara musu haƙuri, na mai da daƙiƙa arba'in ta koma minti uku a dukkan hanyoyin. Kuka ya tsaya, oga ya yaba mini, na tafi gida ina jin kaina. Shuɗiyar wayar Birchi ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Da kaka ta zo, kakarku Inna, matar Baffa, ta kwanta ciwon ƙafa, aka ce a kawo ta babban asibiti a Dutsin-Ma. Na yi alkawarin samo mota in je in ɗauko ta ranar Asabar. Ranar ta zo daidai da lalacewar na'urar Kuki, na tafi can na yini, ban aika ba, ban tuna ba sai da rana ta yi sanyi. A bayan motar hatsi aka kawo Inna, mahaifiyarku na riƙe da ƙafarta. Da ta yi mini magana a gida, a hankali ta yi, amma ni na gaji kuma na san ba ni da gaskiya, sai na nemi inda zan fake. Na ce mata aikina ba irin nata ba ne da kowace tsohuwa a ƙauye za ta iya, in na bar shi asibiti huɗu ne za su tsaya. Ta ci gaba da jinyar Inna. Bayan an sallami Inna ta haɗa kayanta da naku, ba na kwana huɗu ba, har da tukwanenta. Ina tsaye a zaure ta wuce ni, Mubarak na goye, Jidda na riƙe da gefen zanenta. Maimakon in tare ƙofa in ba ta haƙuri, sai na faɗi maganar da na ga ta dace da jarumin littafi. Na ce in ta huce, ta san yadda za ta kira ni.

Kun san al'ada. In mace ta yi yaji, mijin ne yake bin sahu, ya ɗauki wani babba su je biko, ya durƙusa gaban iyayenta, a yi masa faɗa ya haɗiye, ya dawo da iyalinsa. Yayata, Yaya Hajo, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta zo tun kwana na uku ta ce in shirya mijinta zai raka ni. Na ce mata akwai abin da nake jira. Ta tambaye ni mene ne, na ce wata alama ce tsakanina da ita.

"Auta, alamar me? Matarka na gidan ubanta da 'ya'ya biyu, kai kana nan kana jiran alama kamar mai duban wata. Ɗauki hularka mu tafi."

Ban ɗauka ba. A raina na riga na tsara yadda abin zai kasance. Zan buɗe kundi wata safiya in ga layukan nan biyu, in hau babur ba tare da na gaya wa kowa ba, in same ta a ƙofar asibiti, mu kalli juna, shi ke nan. Zuwa biko da rakiyar tsoho da goro a leda ya yi mini kama da abin da kowa ke yi, ni kuwa ina ganin tamu ta fi ta kowa.

Kowace safiya ƙarfe takwas nake zama gaban allo. Kafin in cire hula nake tambayar rautar ofis labarin maƙwabtanta, ta jero su, Birchi na nan lafiya lau, haɗin bai yanke ba tun damina. In buɗe kundi, babu komai. In sake tambaya da hantsi, in sake bayan azahar. Kwanakin haɗin suna ƙaruwa a allo, ni kuma ina karanta su a matsayin kwanakin da ta yi ba ta neme ni ba. Mako biyu na farko ina cewa fushi ne. Da aka shiga wata na biyu sai nawa fushin ya taso, na fara cewa ashe ni kaɗai nake wannan haukan. Na riƙa aika muku da kayan abinci da sabulu ta hannun direban motar Kurfi, amma ban haɗa da ko gaisuwa ba. Yaya Hajo ta zo sau uku, a na ƙarshe na gaya mata dabarar wayar, na nuna mata allon. Ba ta iya karanta shi ba, amma ta yarda da ni, don ni ta raina. Daga nan ta daina cewa in je, ta fara cewa yarinyar ce mai taurin kai.

A wata na uku Baffa ya aiko a kira ni. Na je da mijin Yaya Hajo, muka zauna a zaurensa kan buzu, ana jin kukan maruƙa a baya. Baffa mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai taɓa ganin inda mace za ta yi wata uku a gida mijinta na nan kusa da rai da lafiya bai tako ba, yana son ya ji ko akwai abin da aka yi mini wanda bai sani ba. Na sunkuyar da kai na ce akwai hanyar da muka saba, na ce mata ta kira ni in ta huce, ba ta kira ba. Sai muka ji muryarta daga bayan asabari, ashe tana zaune a nan.

"Na kira."

Baffa ya juya ya kalli asabarin, ya sake kallona. Na ce kullum ina dubawa, babu abin da ya zo.

"Malam, na kira. Tun mako na biyu nake zare wayar nan, ina ƙirga sittin kamar yadda ka ce. Har mai shara ta fara tambayata ko na'urar ta lalace."

A nan ne ya kamata in yi shiru. Ya kamata in ce to, wataƙila daga wajena ne, a yi haƙuri, in tashi in durƙusa. Mijin Yaya Hajo ma ya taɓa gwiwata. Amma wata uku na yi ina kallon allon nan, na yarda da shi fiye da yadda na yarda da kowa, sai na ce, a gaban mahaifinta, na'ura ba ta ƙarya. Muka ji motsin tashinta da ƙarar munduwarta tana tafiya cikin gida. Sai Baffa ya ce:

"To, Malam. In na'ura ba ta ƙarya, ɗiyata ce ke yi ke nan. Ni kuwa ban iya aje maƙaryaciya gidan wani. Ka ba ta takardarta."

Na rubuta a nan, a kan gwiwata, da biron da nake cika rahoton aiki.

Sai da idda ta cika da kusan wata guda gaskiya ta fito, kuma ba nemanta na yi ba. Asibitin Birchi suka yi kukan cewa kwamfutarsu na jinkiri, oga ya ce in duba. Tun rabuwarmu nake ƙin shiga rautar can, ina ji kamar shiga ɗakinta ne. Ranar nan dole ta sa na shiga, da hantsi, ofis cike da mutane. Na buɗe nata kundin, wanda ban taɓa buɗewa ba duk watannin nan, domin kullum rautar ofishinmu kaɗai nake tambaya. Na ga layi ya ce an zare waya ƙarfe shida da rabi, layi na biye ya ce an mayar bayan minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Washegari haka. Jibi haka. Na riƙa gangarawa ina ƙirgawa da yatsa a kan allo, safiya ashirin da uku. A wasu ranakun sau biyu ta yi, ta zare ta mayar, ta jira kaɗan ta sake, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa tana tunanin ba a ji ba. Rautar da ke gefenta ta ga komai ta rubuta. Tawa kuwa ni da hannuna na ce mata kada ta damu sai shiru ya kai minti uku, don haka minti ɗayan mahaifiyarku ya zo ya wuce ba ta ce komai ba. Tambaya ɗaya ce, ba ta kai kalma biyar ba, da na rubuta ta a kowace safiya cikin wata ukun nan da na gani.

Na buga shafukan a takarda na hau babur. Na same ta a asibiti tana wanke hannu a bakin randa, ta rame, amma fuskarta a sake. Na miƙa mata takardun ina ta bayani, damina, iska, arba'in, minti uku, ina nuna mata layukan da yatsa. Na ce na zo in nemi gafara, kuma in ta yarda in koma wurin Baffa a sake ɗaura aure. Ta bar ni na gama. Ba ta karɓi takardun ba, ta goge hannunta da gefen mayafi.

"Yanzu ka yarda na kira?"

Na ce na yarda, ga shi a rubuce.

"Shi ne abin da ya sa ba zan koma ba, Malam. Na faɗa maka da bakina a gaban Baffa ba ka yarda ba, sai da akwati ya faɗa maka. Na yafe maka. Amma duk ranar da na ce maka wani abu, zan riƙa tunanin wa za ka je ka tambaya."

Wata mai ciki ta leƙo tana kiranta, ta ce mini in gaida gida, ta shiga. Bayan shekara biyu ta auri malamin makarantar nan da kuka taso a gidansa, mutumin kirki, wanda ya riƙe ku kamar nasa, ba ni da abin da zan ce da shi sai godiya.

Laifina na ƙarshe shi ne wanda ya shafe ku. Da na dawo Dutsin-Ma ranar nan, na tsaya a ƙofar gidan Yaya Hajo da takardun a aljihu. Ta fito ta tambaye ni daga ina, na ce daga aiki. Na kasa gaya mata cewa matar da ta yi watanni tana zagi saboda ni ita ce mai gaskiya. Na ce gobe zan faɗa, goben ta zama shekaru, har Yaya ta rasu tana riƙe da labarin yadda na fara ba ta shi, kuma daga bakinta ya bazu cikin dangi har ya iso kunnenku. Jidda, na san ranar bikinki wata gwaggonki ta yi wa mahaifiyarki habaici a kan wannan maganar a gaban mata, na san ta ji, na san ba ta tanka ba. Ina zaune a waje cikin maza aka zo aka gaya mini, na gyara zama na ci gaba da gaisawa da baƙi.

Ita yanzu matar wani ce, ba ni da hurumin zuwa ƙofarta da wannan zancen, kuma ba ta buƙatar shaidata, ta daɗe da sanin abin da ta yi. Ku ne kuke buƙata, da dangina. Ranar da aka taru a gidan Yaya don zumuncin salla, ina so Mubarak ya tashi ya karanta wannan babin da ƙarfi, ina zaune a wurin, kada ya tsallake ko layi ɗaya. Mahaifiyarku ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Safiya ashirin da uku ta kira ni, ni ne ban je ba.